Siram ɗin Niacinamide na The Ordinary a Ƙarƙashin Kwalliya: Inda Ya Isa da Inda Ya Gaza

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta yaɗu a tsakanin mata masu son kwalliya, musamman waɗanda ke bibiyar bidiyoyin Instagram da TikTok, wato a ɗiga siram, ruwan gyaran fata mai ɗauke da sinadari, a goshi da kumatu, a shafe shi, sannan a ɗora fandeshan kai tsaye ba tare da an bi ta kan firaima ba, abin nan da aka saba shafawa a ƙarƙashin fandeshan don ya zauna ya daɗe. Masu yin haka suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Kwalba ɗaya ta fi kwalba biyu sauƙin kuɗi a wannan zamani da duk kayan waje ke bin farashin dala, sannan tunda dai dole a shafa wani abu a ƙarƙashin kwalliya, gara a shafa wanda fata za ta ƙaru da shi. Kwalbar da aka fi gani a hannunsu ita ce Niacinamide 10% + Zinc 1% ta The Ordinary, kuma ita ce na daɗe ina amfani da ita, da zafi da hunturu, ranar da na yi kwalliya da ranar da ban yi ba. A ganina siram ne mai kyau wanda ya ci kuɗinsa, yana kuma iya ɗaukar kwalliya mara nauyi ta zuwa aiki ko makaranta, amma ba firaima ba ne, kuma duk wadda ta dogara da shi kaɗai a ranar biki ta ɗora masa kayan da ba nasa ba.

The Ordinary sunan kayan gyaran fata ne da kamfanin DECIEM na birnin Toronto a ƙasar Kanada ya fito da su a shekarar 2016, kuma a yanzu kamfanin yana hannun kamfanin kayan kwalliya na Amurka Estée Lauder, wanda ya kammala sayensa a 2024. Abin da ya sa kayan suka yi tashe shi ne an rubuta sunan sinadarin da yawansa ƙuru-ƙuru a jikin kwalba maimakon a laƙaba masa wani suna mai daɗin ji, sannan aka sayar da shi da araha. Wannan siram yana zuwa a kwalbar gilashi mai dishi-dishi, da farar takarda da baƙin rubutu, da ɗan bututun ɗigawa a murfi, akwai mai mililita 30 akwai mai 60. Ruwan da ke ciki yana da ɗan kauri da yauƙi, ba shi da ƙamshin turare, babu mai a cikinsa, babu kuma silikon. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin duk maganar da za ta biyo baya, domin silikon shi ne ƙashin bayan yawancin firaimomin da ke kasuwa.

Sinadarin da ke kan gaba, nayasinamaid, nau'i ne na bitamin B3, kuma yana cikin 'yan sinadaran gyaran fata da bincike ya tsaya musu. Wani nazari da aka buga a 2002 a mujallar likitocin fata ta Birtaniya ya nuna cewa yana rage wucewar sinadarin launi daga ƙwayoyin da ke ƙera shi zuwa ƙwayoyin saman fata, wanda shi ne dalilin da ya sa baƙin tabon da ƙuraje ke bari yake dusashewa a hankali idan aka lizimci shafa shi. Wani nazarin na 2006 ya gano cewa man da ke ɗauke da kashi 2 cikin 100 na sinadarin ya rage yawan maiƙon da fuska ke fitarwa bayan makonni biyu zuwa huɗu. Abin lura a nan shi ne lokacin, domin makonni ake magana, ba mintuna ba. Siram yana aiki ne a cikin fata, sannu a hankali, kuma wadda ta shafa shi yau da safe ba za ta ga wani sauyi a maiƙon fuskarta yau da azahar ba. Haka kuma yawancin nazarce-nazarcen an yi su ne da kashi 2 zuwa 5 cikin 100, don haka kashi 10 da ke cikin wannan kwalba ya ninka abin da aka gwada, kuma ninki a nan ba ya nufin ninkin amfani.

Firaima kuwa aikinsa na nan take ne, kuma a saman fata yake yin sa. Sinadaran silikon irin su daimetikon suna kwanciya a kan fuska su cike ƙofofin gashi da ƙananan layuka, su bar shimfiɗa mai santsi wadda fandeshan zai zauna a kai daidai, yayin da garin silika da ake sa wa masu maiƙo yake tsotse maiƙon da ke tasowa a cikin yini. Akwai kuma wani nau'in mai danƙo wanda ba ya santsi, aikinsa ya kama fandeshan ya riƙe shi kada ya zame. Babu ɗaya daga cikinsu da ke warkar da komai, kuma da zarar an wanke fuska aikinsu ya ƙare. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa siram ɗin ita ce, a cikin waɗannan ayyuka uku na cikewa da tsotsewa da riƙewa, wanne yake iya yi? Amsar da na gani a madubi ita ce yana ɗan taɓa na ukun, ba ya yin na farko ko kaɗan, na biyun kuma sai ta bayan fage, wato bayan an shafe makonni ana amfani da shi.

Ɗan riƙon da yake yi ya samo asali ne daga abubuwan da aka sa don su ba ruwan kauri, wato ƙaron zantan da kuma ƙaron da ake samu daga ƙwallon tsamiya, tsamiyar nan dai tamu ta kunu, wadda aka rubuta sunanta na kimiyya a jerin sinadaran da ke bayan kwali. Idan aka ɗiga ɗigo biyu ko uku a tafin hannu, aka danna su a fuskar da ke da sauran danshi, za a ji ɗan danƙo na kamar minti ɗaya, daga nan sai ya bushe ya bar wata siririyar shimfiɗa da ido ba ya gani amma yatsa yana ji. A kan wannan shimfiɗa hoda tana kamawa sosai, fandeshan mai ruwa-ruwa ma yana zama lafiya idan an danna shi da jiƙaƙƙen soson kwalliya. Amma wannan ƙaron da ke ba da riƙo shi ne kuma ke jawo matsalar da aka fi sanin irin waɗannan siram da ita. Idan aka cika bututun aka tsiyaye shi duka a fuska kamar yadda ake yi a bidiyo, aka kuma murza da ƙarfi, sai ya yi farar kumfa a gefen hanci da bakin gira, in kuma aka zo aka goga fandeshan a kai da buroshi sai shimfiɗar ta tashi ta murmushe kamar dilka idan ana murza ta, ta bar ƙananan dunƙule a kumatu da haɓa. Wadda hakan ta same ta ba ta da mafita face ta wanke fuskar ta sake daga farko, domin duk abin da aka ƙara a kai ƙara dunƙulewa yake yi. Laifin a nan na yawan zubawa ne da gaggawa, kuma bidiyoyin da ke nuna siram yana gangarowa a kunci don ya yi kyau a kyamara su ne suka koya wa mutane wannan ɓarna.

Idan aka kiyaye yawan, sakamakon kwalliyar yau da kullum abin yabawa ne. Fuskata mai maiƙo ce a goshi da karan hanci, kumatu kuma daidai, kuma da siram da ɗan konsila a kan tabo da hoda a sama nakan fita da safe in kai tsakar rana ba tare da fuskar ta yi nauyi ko ta yi ƙaiƙayi ba. Bayan na ɗauki lokaci ina shafa shi safe da dare, ƙyallin da goshina ke yi kafin azahar ya ragu, tabon da ƙuraje suka bari a haɓata ma ya yi haske, kuma fatar da ta yi sumul da kanta ba ta buƙatar a lulluɓe ta da yawa. A nan ne nake ganin masu cewa siram ya maye musu gurbin firaima suke da gaskiya ta wata fuska, sai dai ba su lura da yadda abin ya faru ba. Bai yi musu aikin firaima ba, ya dai rage musu bukatarsa.

Lokacin bazara shi ne ke tona asirin kowane irin kayan kwalliya a ƙasarmu. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano ko Sakkwato ke kai maki 40 ko ya wuce, mace ta shiga adaidaita sahu da tsakar rana, zufa tana tsattsafowa daga ƙarƙashin kwalliyar, kuma da yake duk abin da ke cikin wannan siram mai narkewa ne a ruwa, zufar tana jiƙa shimfiɗar ta sassauta ta. Abin da ake gani shi ne fandeshan ya fara rabuwa a gefen hanci da saman leɓe, ya taru a layin murmushi, sannan ya bi bakin hijabi ko mayafi ya bar masa shaida mai ruwan ƙasa, wadda duk mai farin hijabi ta san wahalar wanke ta. Firaima mai silikon ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa yake jinkirta wannan rabuwa da sa'o'i, ko da yake shi ma ba ya hana zufa fita. A hunturu kuwa matsalar takan juya, domin iskar ta bushe ƙwarai, kuma siram ɗin da babu mai a cikinsa ba ya hana ruwan fata tsiyayewa. Wadda ta shafa shi kaɗai ta ɗora hoda a watan Janairu za ta ji fuskar tana ɗaurewa, kumatu su yi furu-furu, hodar kuma ta fito da duk wani ɓawon da ke gefen baki. A wannan lokaci man shafawa a kan siram ɗin wajibi ne, ko da fuska mai maiƙo ce.

Wannan ya kawo mu ga batun jera kayan, wanda a ganina ya fi zaɓen kwalba muhimmanci. Ƙa'idar da kamfanin kansa yake bayarwa, wadda kuma likitocin fata suka yarda da ita, ita ce a fara da mai ruwa-ruwa a ƙare da mai kauri: a wanke fuska, a shafa siram, a bi shi da man shafawa, sannan idan da rana ne a rufe da man kariyar rana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin mai yana rage wa sinadarin da ke cikin ruwa damar isa fata, don haka siram ɗin da aka shafa a kan man shafawa ba ya yin cikakken amfani. To a nan ne maganar mayar da siram firaima take cin karo da kanta. Matsayin siram shi ne na farko a jeri, matsayin firaima kuma shi ne na ƙarshe, dab da fandeshan. Wadda ke son siram ya taɓa fandeshan kai tsaye dole ta zubar da man shafawa da man kariyar rana duka biyun, ko kuma ta shafa siram ɗin a kansu, inda ba zai shiga fata sosai ba, ya kuma iya dagula shimfiɗar kariyar ranar da ke ƙarƙashinsa.

Zubar da man kariyar rana kuwa shi ne babban kuskure ga wadda ta sayi wannan kwalba don ta rabu da tabo. Baƙar fata tana da kariyarta ta halitta, amma kuma ita ce ta fi saurin yin baƙin tabo bayan ƙurji ya warke, kuma hasken rana yana ƙara wa tabon duhu, ta yadda abin da siram ya gyara da dare rana takan mayar da shi da hantsi. Wasu suna ganin kalmar zinc a jikin kwalbar su ɗauka tana kare su daga rana, alhali zinc ɗin da ke cikinta wani nau'i ne dabam da ake sa wa don maiƙo, ba shi ne farin garin nan da ake sa wa a man kariyar rana ba, kuma ba ya tare komai. Ana so man kariyar ya kai lamba 30 a ma'aunin ƙarfin kariya na SPF da ake rubutawa a jikinsa, a kuma shafa shi da yawa, kimanin tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya. Wani abin da na lura da shi shi ne yawancin man kariyar rana na zamani, musamman marasa barin farin toka a baƙar fata, suna ɗauke da silikon da silika a cikinsu, don haka idan suka bushe sukan bar irin santsin da ake nema a firaima. Wato idan akwai wata kwalba a cikin jerin da ta cancanci a ce ta maye gurbin firaima, to man kariyar rana ce, domin dama can ita ce ke zaune a wannan gurbi.

Jira tsakanin shafa da shafa shi ne abin da kowa ya sani amma ba kowa ke yi ba. Ba a bukatar rabin sa'a kamar yadda wasu ke faɗa, abin da ake bukata shi ne kowane shafi ya daina danƙo kafin na gaba ya hau. Ni dai nakan shafa siram da zarar na fito wanka, in sa kaya, in shafa man fuska ɗan kaɗan, in je in haɗa shayi, in dawo in shafa man kariyar rana, sannan in ba shi kamar minti goma kafin fandeshan ya hau. Hannu ma yana da nasa hukunci, domin daga man kariyar rana zuwa sama dannawa ake yi, ba gogawa ba. Kamfanin yana ba da shawarar kada siram ya wuce uku a shafa ɗaya, amma idan za a yi kwalliya a kai ina ganin ɗaya ya isa, saura a bar su sai dare, saboda kowane siram da nasa ƙaron, kuma ƙaro a kan ƙaro shi ne hanya mafi sauri zuwa dunƙulewa.

Akwai wata ƙa'ida da ta shahara a bakin masu kwalliya cewa ruwa da ruwa, silikon da silikon, wato kada a ɗora fandeshan mai silikon a kan abin da aka yi da ruwa. Tana da ƙamshin gaskiya amma an cika ta da gishiri. Kusan kowane fandeshan na ruwa, har da mai silikon, sunan ruwa ne a farkon jerin sinadaransa, kuma ana gane mai silikon ne idan suna na biyu ko na uku ya ƙare da haruffan "cone" ko "siloxane". Na ɗora irin waɗannan a kan wannan siram bayan ya bushe sarai, kuma sun zauna lafiya lau. Abin da ke kawo rabuwa shi ne a ɗora su a kan shimfiɗar da ba ta gama bushewa ba, ko kuma a gauraya ɗigon siram a cikin fandeshan ɗin a bayan hannu, wata dabara da ake yaɗawa wai don fuska ta yi sheƙi, wadda a zahiri take tsinka fandeshan ta rage masa riƙo.

Batun alwala ba a cika kawo shi a sharhin da ake yi a ƙasashen waje ba, amma a wurinmu shi ne ke yanke hukuncin kwalliyar rana. Mace mai fita aiki za ta yi azahar da la'asar a waje, kuma alwala tana bukatar ruwa ya isa fatar fuska, don haka kwalliyar da aka gina a kan firaima mai silikon da fandeshan mai jure ruwa sai an cire ta da abin gogewa kafin a ɗaura alwala, sannan a sake gina ta daga tushe, abin da ba kowane ofis ke da wurin yin sa ba. A nan rashin riƙon siram ɗin ya zama alheri, domin siram da hoda mara nauyi suna fita da ruwa da ɗan sabulun fuska cikin sauƙi. Sai dai hakan yana nufin duk abin da aka jera da safe yana tafiya tare da ruwan alwalar azahar, har da man kariyar rana, wanda shi ya kamata a ɗauka a jaka don a sake shafawa, ba siram ba. Saboda wannan dalili na fi ba wa shafin dare muhimmanci, bayan sallar isha'i, lokacin da siram zai kwana a fuska babu abin da zai wanke shi sai asuba.

Kwalliyar biki kuwa wata duniya ce dabam. Amaryar da mai kwalliya ta zaunar tun da rana, aka yi mata fandeshan mai kauri da konsila da hoda shafi a kan shafi, aka ɗaura mata ashoke, za ta shiga ɗakin taro mai fitilu masu zafi, ta yi rawa, a rungume ta, ta yi kuka, a kuma ɗauke ta hoto da hasken kyamara har dare ya raba. Ana so wannan fuska ta yi sa'o'i shida ko takwas ba ta motsa ba, kuma siram ɗin da zufa ke narkarwa ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Amfaninsa ga amarya yana cikin makonnin da suka gabaci bikin, idan ta fara shi tun da wuri, ba a ranar ba, kuma ba a makon da ake mata dilka da halawa ba, lokacin da fatar take a murje, domin fara sabon sinadari mai ƙarfi a kan fatar da aka gurza yana iya jawo ƙananan ƙuraje a daidai lokacin da ba a son su. A ranar kanta firaima na gaskiya ake bukata a goshi da hanci da haɓa. Ya kamata kuma amare su riƙa tambayar abin da ake shafa musu, domin wasu masu kwalliya har yanzu suna amfani da farin ruwan nan da ake kira Milk of Magnesia, wanda asalinsa maganin ƙwannafi ne da taurin bayan gida. Yana busar da maiƙo ƙwarai, shi ya sa ake son sa, amma ma'aunin pH ɗinsa, wanda ke nuna tsamin abu ko kanwarsa, yana wajen 10, alhali fatar fuska tana zaune ne a wajen 5, kuma yawan shafa shi yana raunana garkuwar fata ya buɗe ƙofa ga bushewa da ƙuraje. Idan zaɓi ya tsaya tsakanin wannan ruwa da siram, siram ya fi aminci nesa ba kusa ba, ko da kwalliyar ba za ta daɗe kamar yadda ake so ba.

Masu busasshiyar fata sukan tambaya ko wani siram ɗin The Ordinary mai suna Hyaluronic Acid 2% + B5 ya fi dacewa da zama ƙarƙashin kwalliya. Ya fi danƙo, don haka ya fi kama fandeshan, kuma yana sa fuska ta yi cika da laushi na ɗan lokaci, amma aikinsa jan ruwa ne ya riƙe, don haka a kan fata mai danshi ake shafa shi a kuma rufe shi da mai, musamman a hunturu da iskar ba ta da ruwan da zai ja. Ba ya yin komai game da maiƙo.

Game da haɗa shi da wasu sinadaran, nayasinamaid ba shi da rigima da yawa. Yana tafiya da retinol, wani nau'in bitamin A da ake shafawa a fata, har ma yakan rage zafin da retinol ke sa wa a farkon amfani. Kamfanin yana ba da shawarar kada a haɗa shi da tsantsar bitamin C a shafa ɗaya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ba ɗaya safiya a ba ɗaya dare. Inda ya kamata a yi hattara shi ne fatar da ta riga ta sha wahala. Wadda ta daɗe tana shafa man haɗi irin wanda ake sayarwa a robobi babu jerin sinadarai, waɗanda sau da yawa ake samun magungunan sitiroyid a cikinsu, fatarta takan yi siriri ta yi saurin jin zafi, kuma kashi 10 cikin 100 yana iya yi mata raɗaɗi da ja. Irin wannan fata ta fi bukatar ganin likitan fata a kan sabuwar kwalba, in kuma za a gwada to a fara da bayan kunne ko gefen muƙamuƙi, a jira kwana ɗaya ko biyu a gani. Haka kuma wannan siram ba man bilicin ba ne, ba zai canza wa kowa launin da aka haife ta da shi ba, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa ba maganin ƙuraje masu tsanani ba ne.

Ta fuskar kuɗi, ƙaramar kwalbar ba ta kai dala 10 ba a Amurka, amma kafin ta iso shagunanmu kuɗin jirgi da canjin naira da ribar mai sayarwa sun hau kanta, don haka farashin yakan bambanta daga shago zuwa shago, daga wata zuwa wata. Duk da haka, idan ana ɗiga biyu ko uku a kowace shafa, kwalba ɗaya takan yi watanni, wanda ya sa ta fi yawancin firaimomin waje araha a lissafin kullum. Shaharar da ta yi ta sa tana cikin kayan da aka fi yi wa jabu, kuma wadda aka ba ta a rabin kuɗin da sauran shaguna ke sayarwa ya kamata ta yi shakka. Na gaskiyar ba ta da ƙamshin turare, rubutun kwalinta a fili yake babu kuskuren haruffa, akwai lambar rukunin da aka yi ta a ciki, ruwan kuma yana da yauƙi, ba tsararo ba ne kamar ruwan famfo. Bayan an buɗe ta ana so a gama da ita cikin watanni 12, a ajiye ta nesa da taga da hasken rana, kuma kada bakin bututun ya riƙa taɓa fuska lokacin ɗigawa, domin duk abin da ya kwaso daga fata cikin kwalbar zai mayar da shi.